Gartsa, tarwaɗa da karfasa: a san zuriyar kifi kafin a ba da shawarar kiwonsa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka domin mu yi magana a kan wani abu da ke yawan fitowa a shafukan noma da kiwo da kuma shirye-shiryen rediyo. Ana ba da shawara a kan "kifi" a dunƙule: kifi na son ruwa kaza, a ba shi abinci kaza, a zuba guda kaza a kwami, ba tare da an faɗi wane kifi ake nufi ba. Mu da muka rubuto wannan wasiƙa wasunmu malaman ilimin halittu ne, wasu kuma masu ƙyanƙyasar kifi, kuma bakinmu ya zo ɗaya cewa wannan dunƙulewar tana jawo wa mutane asara. Zuriyar tarwaɗa da ta karfasa sun rabu fiye da shekara miliyan 200 da suka wuce, tazarar da ta ninka wadda ke tsakanin saniya da zomo. Ba wanda zai ɗauki tsarin kiwon shanu ya miƙa wa mai zomaye, amma kullum haka ake yi wa masu kifi.

Hanyar gane kifi ta farko tana fiffikensa. A samu ɗanyen kifi, a buɗe fiffiken bayansa da yatsa, a ɗaga shi wajen haske. Za a ga fata siririya a shimfiɗe a kan sili-sili na ƙashi, kuma silin iri biyu ne. Akwai ƙaya, mai tauri da tsini, guda ɗaya santal babu gaɓa. Akwai kuma sili mai laushi, mai gaɓa-gaɓa, wanda ke rarrabuwa a ƙarshensa. Duk kifin da fiffikensa ke da wannan gini, wato tsokar da ke motsa shi tana cikin jiki, abin da ya fito waje fata ce da sili kawai, yana cikin babban rukunin da masana ke kira Actinopterygii, masu fiffiken sili. Ƙirga silin ma yana da amfani. Karfasar da aka fi kiwo tana da ƙaya 15 zuwa 18 a fiffiken baya, sai sili mai laushi 11 zuwa 13, da ƙaya 3 a fiffiken ƙasa kusa da wutsiya. Tarwaɗa ba ta da ƙaya ko ɗaya a baya, sili mai laushi ne zalla fiye da 60 tun daga bayan kai har wutsiya, ƙayarta tana fikafikan ƙirji. Ramboshi kuwa, da ake yawan ruɗawa da tarwaɗa, fiffiken bayansa rabi ne, sauran rabin wani tudun kitse ne marar sili. Mai sayen 'ya'yan kifi da ya san wannan ba za a sayar masa da wani a madadin wani ba, kuma idan ya ga ɗan guntun tudun kitse gab da wutsiya ya san haɗin tarwaɗa da ramboshi aka kawo masa.

Rukunin ya ƙunshi nau'i fiye da 30,000, kusan rabin dukkan dabbobi masu ƙashin baya ke nan a duniya. A cikinsu akwai wani ɗan mitsitsi a dausayin tsibirin Sumatra da ke balaga tsawonsa bai kai milimita 8 ba, akwai wanda aka tsinta kusa da tsibiran Azores a 2021 nauyinsa kilo 2,744, akwai wanda kyamara ta ɗauka a zurfin mita 8,336 a tekun Japan a 2022. Kusan duk abin da ke kan tebur a kasuwar kifi ta Yawuri ko Baga ɗan wannan rukuni ne: giwan ruwa, ragon ruwa, ƙurungu, tsage, faliya, bargi, yauni, minjirya, har da talibambam. Biyu ne suka fita daban. Kunaman ruwa na kogin Binuwai da Neja guringuntsi ne jikinsa, dangin kifin shak ne. Gaiwa kuma tana cikin masu fiffiken tsoka, rukunin da ya rabu da masu fiffiken sili fiye da shekara miliyan 400 baya, wanda daga cikinsa dabbobi masu ƙafa huɗu suka fito. A lissafin zuriya, gaiwa ta fi kusa da kwaɗo a kan tarwaɗar da suke kwana a fadama ɗaya.

Abin da ya fi ba mu takaici shi ne yadda littattafan makaranta ke kawo hotunan kifayen Turai alhali kifin da masana suka fi nema don fahimtar asalin rukunin nan yana nan a tafkin Chadi da fadamar Haɗeja da kogin Neja. Gartsa muke nufi, wanda wasu ke kira gwando, masana kuma Polypterus. Masunta ba su ɗauke shi a bakin komai ba saboda taurin ɓawonsa na dakushe wuƙa. Reshensa ne ya fara ballewa daga sauran masu fiffiken sili da ke raye a yau, kuma a Afirka kaɗai ake samunsa, nau'i goma sha wani abu, tare da ɗan'uwansa mai siffar maciji na kudancin Najeriya wanda sunansa na kimiyya ke ɗauke da sunan Kalaba.

Duk wanda ya feɗe gartsa a tsanake zai ga abin da ya sa ake ji da shi. Ɓawonsa mai kusurwa huɗu ne, mai kauri da sheƙi, a sarƙe da juna, irin wanda ake gani a jikin kifayen da suka daskare cikin duwatsun Sikotiland tun shekara miliyan 380 da ɗoriya. Fiffiken bayansa a yanke yake ƙanana-ƙanana, kowane da ƙayarsa a gaba. A ciki kuma akwai huhu biyu, na dama ya fi na hagu tsawo, suna buɗewa ta ƙasan maƙogwaro kamar namu. A saman kansa akwai ƙofofi biyu ƙanana da yake zuƙar iska ta cikinsu ba sai ya fito da baki ba. 'Ya'yansa suna fitowa da matatar numfashi, wato gaɓar da kifi ke zuƙar oksijin na cikin ruwa da ita, a waje, tana reto a gefen kai. Bafaranshe Geoffroy Saint-Hilaire ne ya fara bayyana shi ga masana a 1802, daga kogin Nilu, kuma an shafe kusan ƙarni ana gardamar inda za a ajiye shi saboda gindin fiffiken ƙirjinsa mai tsoka ne. Wani Bature ɗan Ingila, John Samuel Budgett, ya yi ta zirga-zirga Afirka yana neman ganin yadda ƙwansa ke girma, sai a 1903 ya yi nasarar haɗa ƙwai da maniyyin gartsa a yankin Neja Delta. Zazzaɓin da ya kwaso ya kashe shi a farkon 1904. A 2014 kuma masu bincike a jami'ar McGill ta Kanada suka reni gartsa wata takwas a kan tudu mai danshi, suka tarar ya iya jan jiki fiye da wanda ya tashi a ruwa, har ƙashin kafaɗarsa ya ɗan sauya.

Huhun gartsa ya warware wata tsohuwar tambaya. Darwin ya zaci huhu daga jakar iska ya samo asali, wato farar jakar nan da ke manne da ƙashin baya a cikin kifi. Hujjojin da aka tara daga baya sun nuna akasin haka: huhu ne ya riga, kakannin kifaye masu ƙashi suna shaƙar iska a ruwa marar zurfi, daga baya jakar ta koma abin daidaita nauyi a ruwa. Bayan reshen gartsa sai na kifin stajin na Rasha da Iran da ake cin ƙwansa da tsada, sai wasu 'yan tsiraru a Arewacin Amurka. Duk sauran, kusan kashi 96 cikin 100 na nau'in kifayen duniya baki ɗaya, suna cikin reshe guda da ake kira Teleostei. Su ne suka samu ɓawo marar nauyi, wutsiya mai rassa biyu daidai wa daida, leɓen sama mai miƙewa gaba ya zuƙo abinci, da haƙoran maƙogwaro masu niƙa. An kuma gano cewa ƙwayoyin gadon kakansu sun ninku biyu gaba ɗaya fiye da shekara miliyan 300 baya, ko da yake masana na ci gaba da muhawara a kan rawar da hakan ya taka wajen yawansu.

Jakar iskar nan iri biyu ce, kuma bambancin na shafar masunci kai tsaye. A tsage da ragon ruwa da danginsu akwai siririn bututu daga jakar zuwa maƙogwaro, suna iya fitar da iska. A karfasa da giwan ruwa bututun ya toshe, ta jini ake cika jakar a kuma rage ta, a hankali. Matsin ruwa a zurfin mita 10 ninki biyu ne na sama, saboda haka giwan ruwan da aka fizgo da sauri daga can iskar cikinsa za ta ninka, ciki ya kumbura, wani lokaci tumbi ya leƙo ta baki. Irin wannan ko an mayar da shi ba ya iya nutsewa. Mai neman iyayen kifi masu rai daga dam ya kama su a gefe, inda ruwa bai yi zurfi ba.

Bargi da yauni 'yan wani tsohon reshe ne na Teleostei, masu haƙori a kan ƙashin harshe, dangin wani ƙaton kifi na kogin Amazon. Dukansu suna shaƙar iska da jakarsu, dukansu kuma sheƙa suke yi a ciyawar ambaliya. Bargi na share fili zagayayye mai faɗin kamar mita guda, yauni na haɗa sheƙa mai yawo a kan ruwa ya zuba ƙwai manya da suka kai santimita guda. A jikin yauni ne Hans Lissmann na jami'ar Kambirij ya gano a 1951 cewa akwai kifin da ke fitar da lantarki marar ƙarfi babu tsayawa, kusan sau 300 a daƙiƙa, yana lalube da shi a ruwa mai duhu. Shi ya sa yake tafiya jikinsa a miƙe, fiffiken baya kaɗai ke kaɗawa, gaba ko baya duk ɗaya ne a wurinsa. Minjirya daban take, dangin tarwaɗa ce, nata lantarkin na duka ne kuma yana kaiwa bolt 350.

Yanzu ga tarwaɗa, wadda yawancin masu kiwo suka dogara da ita. Tana cikin reshen da ya mamaye ruwan daɗi, wajen kashi biyu cikin uku na nau'in kifayen koguna da tafkuna. Alamar reshen wasu ƙananan ƙasusuwa ne a bayan kai da ke haɗa jakar iska da kunnen ciki, waɗanda Bajamushe Ernst Weber ya bayyana a 1820. Jinsu ya fi na karfasa nesa ba kusa ba, don haka janareta ko injin niƙa a jingine da kwamin siminti ba ƙaramar takura ba ce gare su. Tarwaɗa ba ta da huhu. Abin da take da shi wani jan nama ne mai rassa a wani ɗaki sama da matatar numfashi, wanda ya tsiro daga baka na biyu da na huɗu na matatar. Da shi take jure ruwan da oksijin ya ƙare, da shi take ratsa ciyawa mai raɓa daga kududdufi zuwa wani.

A nan ne shawarar "tarwaɗa ba ta mutuwa" ke hallaka jari. Wannan naman ba a haihuwar tarwaɗa da shi. A makonni biyu zuwa uku na farko 'ya'yan sun dogara ne kacokan a kan oksijin na cikin ruwa, kuma ruwa ba ya riƙe da yawa: a zafin digiri 28 bai kai miligiram 8 a lita ba ko ya ƙoshi. Wurin ƙyanƙyasa yana bukatar ruwa marar zurfi mai gudu a hankali dare da rana, oksijin kada ya sauka ƙasa da miligiram 5, a kuma zuƙe fararen ƙwai da suka mutu da siririn tiyo kafin su yi funfuna su ruɓar da ruwan. Manyan ma, in an cika jarka har baki aka toshe, za su shaƙe a hanya, domin sai sun leƙo sama. A bar sarari a sama, a buɗe murfi, a hana su abinci kwana guda kafin tafiya saboda amoniyar da suke fitarwa ta matatar numfashi kada ta taru.

Ƙyanƙyasar kanta bin halin kifin ne. A daji tarwaɗa ba ta zuba ƙwai sai ruwan sama ya malale ciyawa, a kwami kuwa wannan alamar ba ta zuwa, shi ya sa ake yi wa mace allurar da ke sa ƙwanta ya nuna, galibi rabin mililita a kowane kilo na maganin da aka saba sayarwa. Lokacin tatsa zafin ruwa ne ke yanke shi, ba agogon bango ba: kusan awa 11 bayan allura a digiri 25, kusan awa 8 a digiri 28. In an yi gaggawa ƙwan ba zai fito ba sai da matsa da jini, in an makara ya wuce nuna ko ta zubar a baho. Namijin ba ya tatsuwa, sai an feɗe shi an ciro 'ya'yan maraina an tsaga. Kwano da hannu da cikin macen duk a goge su bushe ƙarau, domin ruwan daɗi ne ke tayar da maniyyi, kuma da ya tashi ɗan gajeren lokaci kawai yake da shi. In za a tsinka shi, a yi da ruwan gishiri giram 9 a lita, wanda ba ya tayar da shi. A gauraya, sannan a zuba ruwa mai tsabta, a juya kamar minti guda, a shimfiɗa a kan raga falle ɗaya tun ƙwan bai fara danƙo ba. Danƙon nan na manne wa ciyawa ne a daji, a kwano kuwa dunƙulewa yake sa su yi, na tsakiya su mutu. A digiri 28 za su fashe cikin kusan awa 24, su ci gwaiduwar cikinsu kwana 3, sannan a fara ba su abinci. Daga nan sai tacewa duk mako, a ware manya daga ƙanana: tarwaɗa maciyar nama ce mai faɗin baki, 'yan ƙalilan da suka yi wa saura zarra za su iya cinye rabin kwami.

Karfasa kusan kishiyar wannan ce a komai. Ba ta shaƙar iskar sama, don haka mutuwarta da asuba take zuwa, lokacin da ganshin ruwa ya kwana yana shan oksijin babu rana. Koren ruwa abinci ne a gare ta, saboda tana da haƙoran maƙogwaro da tumbi mai tsananin tsami da ke fasa ƙwayoyin ganshin, abin da babbar tarwaɗa ba ta amfana da shi. Shi ya sa abinci mai furotin kashi 25 zuwa 32 ya ishe ta, tarwaɗa kuwa sai 35 zuwa 45. Amma koren yana da iyaka. A tsoma hannu: in tafin ya ɓace a wajen gwiwar hannu, kimanin santimita 30, daidai ne. In ya ɓace tun a rabin haka, a dakatar da taki a sauya wani ɓangare na ruwan. Sanyin hunturu ma ya fi taɓa ta, tana daina cin abinci in ruwa ya sauka wajen digiri 16, tana mutuwa ƙasa da 12, saboda haka tafkin ƙasa a Jos ko Zariya ya kamata ya kai zurfin mita ɗaya da rabi a ɓangare guda.

Babbar matsalarta haihuwa ce. Namiji na haƙa rami, mace ta zuba ƙwai ta kwashe a baki, ta riƙe kwana goma da wani abu ba ta cin komai. A tafki tana balaga tun tana giram 30 zuwa 40, ta kuma maimaita kusan duk wata. Wanda ya zuba maza da mata zai kwashe dubban 'yan ƙanana da ba mai saye. Mafita ita ce maza zalla. Ana iya tantancewa da ido in sun kai giram 30 zuwa 50: a bayan dubura namiji na da ƙofa ɗaya a kan ɗan tsiron, mace na da biyu, ɗigon shuɗi na taimakawa a gani. Mata kaɗan da suka kuɓuce sun isa su ɓata lissafi, don haka wasu ke sa tarwaɗa 'yan kaɗan bayan karfasar ta girma, su riƙa cinye sabbin 'ya'ya. A keji cikin dam kuwa ƙwan na zubewa ta raga kafin uwar ta kwashe.

Wannan riƙon ƙwai a baki da haƙoran maƙogwaro suna cikin abin da ya sa dangin karfasa suka fi kowa saurin rarrabuwa. Tafkin Malawi na da nau'i ɗaruruwa da babu su a ko'ina, ƙaramin tafkin Barombi Mbo na Kamaru na da 11 nasa na kansa, tafkin Biktoriya kuma ya tara kusan 500 cikin shekara 15,000 kacal. A shekarun 1950 aka zuba giwan ruwa a Biktoriya, ya bunƙasa a shekarun 1980, nau'i wajen 200 suka ɓace ko suka kusa. Giwan ruwan da ke zaune lafiya da maƙwabtansa a Chadi da Kainji shi ne ya yi wannan ɓarnar a inda ba a san shi ba. Tarwaɗarmu ma Indiya ta haramta kiwonta saboda irin wannan dalili. Duk mai shirin shigo da baƙon kifi ya zuba kusa da kogi ya tuna ambaliya ɗaya ta isa ta fitar da shi.

Kusan duk kifayen da muka lissafa, gartsa da bargi da yauni da tarwaɗa da gaiwa, rayuwarsu a ɗaure take da malalar ruwa a fadama. Har akwai wani ɗan ƙaramin kifi da aka fara bayyanawa a 1928 daga kogin Kiyawa kusa da Katagum, wanda iyayen ke mutuwa in kududdufi ya ƙafe, ƙwan ya kwana cikin busasshen laka har damina ta zagayo. Tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, ambaliyar fadamar Haɗeja da Nguru ta ragu, kachala ta toshe hanyoyin ruwa. Zuba 'ya'yan tarwaɗa daga wurin ƙyanƙyasa ba zai maye gurbin bargi ko yauni ba, su ciyawa mai ruwa suke bukata na wasu makonni. Muna kira ga hukumomin kogunan da su riƙa sakin ruwa a lokacin da ya dace da damina, sarakunan ruwa su tsaya a kan hana kamun kifi a wuraren sheƙa daga Yuli zuwa Satumba, a bar kalli mai ido ƙasa da inci 3, a daina jan gidan sauro a matsayin taru, a kuma hukunta masu zuba maganin ƙwari a ruwa. Cibiyar binciken kifayen ruwan daɗi da ke New Bussa na da masanan da za a iya tuntuɓa a kan lokacin haihuwar kowane nau'i.

Malaman sakandare kuma ba sa bukatar jiran kayan aiki daga waje. Gaiwa ɗaya, gartsa ɗaya, bargi, tarwaɗa da karfasa, da reza da faranti, sun isa darasi biyu: a jera su yadda rassansu suka rabu, ɗalibai su ƙirga sili, su ciro huhun gartsa da jakar iskar karfasa su ajiye gefe da gefe.

Roƙonmu gare ka, Malam Edita, duk wanda ya aiko da shawarar kiwon kifi a tambaye shi abu uku kafin a buga: wane kifi, mai kwana nawa, a ruwa mai zafin digiri nawa.

Wassalam.

Daga wasu malaman ilimin halittu da masu ƙyanƙyasar kifi a Arewa.